Luden: shirin telebijin na Jamus a kan kawalan unguwar St. Pauli

Luden shiri ne mai kashi shida da kamfanin Amazon ya fara nunawa a dandalinsa na Prime Video ranar 3 ga watan Maris na 2023. Cikakken sunansa da Jamusanci shi ne Luden – Könige der Reeperbahn, wato "Kawalai, sarakunan titin Reeperbahn". Labarin yana gudana ne a unguwar St. Pauli ta birnin Hamburg, a arewacin Jamus, a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyin kawalai suke takara a kan gidajen karuwai da kuɗin da ke fitowa daga cikinsu. Kamfanin Neuesuper na birnin Munich ne ya shirya shi, Laura Lackmann da Stefan A. Lukacs suka ba da umarni. Aaron Hilmer ya fito a matsayin Klaus Barkowsky, Jeanette Hain ta fito a matsayin Jutta, Lena Urzendowsky kuma a matsayin Manu. Ba shirin yara ba ne, ba kuma na kallo tare da iyali ba, domin akwai tsiraici da duka da shan ƙwaya da ashar daga farko har ƙarshe.

Kalmar Lude ta bakin titi ce. A takardar kotu Zuhälter ake rubutawa, abin da Faransanci ke kira proxénète. Kawali ita ce kalmar Hausa mafi kusa, amma ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Kawalin da aka sani a bariki ɗan aike ne, ya haɗa namiji da mace a ba shi na goro. Lude kuwa shi ke riƙe da macen. Shi ke cewa ga inda za ta tsaya, ga lokacin da za ta tashi, kuma da gari ya waye shi ke karɓe abin da ta samu, ya bar mata ɗan abin da ya ga dama.

Unguwar da labarin ya faru

St. Pauli tana bakin kogin Elbe, daf da tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wadda ta fi kowace girma a Jamus. A da can fili ne a bayan ganuwa, tsakanin Hamburg da garin Altona, wanda yake ƙarƙashin sarautar Denmark har zuwa 1864. Duk abin da manyan gari ba sa son gani ko jin warinsa a cikin birni, can ake tura shi: asibitin masu annoba, masu narka kitsen manyan kifayen teku, da masu tufkar igiyar jirgin ruwa, waɗanda aikinsu ke buƙatar dogon fili miƙaƙƙe. Daga nan sunan Reeperbahn ya samo asali, ma'anarsa filin masu tufkar igiya. Tsawon titin a yau mita 930 ne. A 1833 aka raɗa wa unguwar sunan cocin da ke cikinta, St. Pauli. Wanda ya san yadda tasha da bariki suke tsirowa a bayan gari, inda baƙo ba ya jin kunyar kowa, ba zai sha wahalar gane sauran labarin ba. Ma'aikatan jirgin ruwa sukan yi watanni a teku, su sauka da albashinsu a aljihu, kuma St. Pauli ce wurin farko da suke takawa.

Akwai wurare huɗu da ya kamata mai kallo ya sani. Na farko shi ne titin Große Freiheit, wato "babban ƴanci". Sunan ba na shashanci ba ne, ko da yake yau haka baƙi suke ɗauka. Ya samo asali ne tun ƙarni na 17, lokacin da aka bai wa mabiya ɗariƙun da ba a yarda da su a Hamburg ba, da masu sana'ar hannu da ba sa cikin ƙungiya, damar zama a Altona su yi ibadarsu da aikinsu. A gidajen rawa na wannan titi da kewayensa ne mawaƙan Ingila na ƙungiyar Beatles suka goge tsakanin 1960 da 1962, kafin duniya ta san su.

Na biyu shi ne Herbertstraße, ɗan gajeren lungu inda mata suke zama a bayan tagogi suna jiran masu zuwa. An toshe bakinsa biyu da shingen ƙarfe a 1933, zamanin mulkin ƴan Nazi, waɗanda suka kasa hana sana'ar, sai suka zaɓi ɓoye ta. Shingen yana nan har yau, da rubutu a jikinsa mai hana mata da waɗanda ba su kai shekara 18 ba shiga. Na uku shi ne Davidwache, ofishin ƴan sanda na jan bulo da aka gina a 1914. Yankin da yake kula da shi bai cika murabba'in kilomita guda ba, amma babu ofishin ƴan sanda da ya kai shi suna a Jamus. Na huɗu shi ne Eros-Center, ƙaton gidan karuwai da attajirin unguwar Willi Bartels ya gina aka buɗe a 1967, da yardar hukuma, bisa hujjar cewa gara a tara matan a gida ɗaya da a bar su a kan titi. Benaye da ɗakunan wannan gida su ne gonar da kawalai suke faɗa a kanta.

Abin da shirin ya ƙunsa

Klaus na cikin shirin saurayi ne kyakkyawa, mai dogon gashi da zaƙin baki, ba shi da ko sisi amma idonsa na kan manyan motoci da rayuwar masu kuɗi. Jutta, wadda ta daɗe a sana'ar har ta fara gajiya, ga kuma ƙwaya ta kama ta, ita ce ta hango abin da za a iya yi da fuskar yaron da bakinsa. Ita ta koya masa kawalci. Wannan juyi yana daga cikin abubuwan da suka fi ƙarfi a shirin, domin macen da tsarin ya cinye ita ce ta reni sabon mai cin wasu, da fatan ko za ta kuɓuta daga hannun tsofaffin iyayen gidanta. Klaus ya jawo abokansa biyu, Andy da Bernd, suka kafa ƙungiya, suka shiga gonar manya. A gefe guda kuma ga Manu, yarinyar da ta gudo daga gidan renon yara da burin zama mawaƙiya, ta faɗo unguwar ba ta san kowa ba.

Daga nan labarin ya bi hanyar da irin waɗannan finafinai suka saba bi: kuɗi sun shigo, an sayi mota da sarƙa da rigar gashi, hodar ibilis ta shigo, abota ta fara tsagewa, bindiga ta fito, sannan wata sabuwar cuta da ba a san kanta ba ta fara korar masu zuwa. Masu shirin ba su ce tarihi suke karantawa ba. Sun ɗauki sunayen mutanen gaske da ƙungiyoyinsu, suka haɗa da waɗanda suka ƙirƙira irin su Jutta da Manu, suka matse abubuwan da suka faru cikin shekaru da dama suka mai da su labari guda. Ko titin da ake gani ba duka ne na Hamburg ba. Reeperbahn ta yau ta canza ƙwarai, don haka aka sake gina wani sashe nata a wurin ɗaukar fim kusa da Munich.

Mutanen gaske da ke bayan labarin

Klaus Barkowsky mutum ne da ya rayu. An haife shi a 1953, kuma a unguwar ana kiransa "Klaus kyakkyawa" ko "Klaus mai Lamborghini", saboda motar da yake yawo da ita. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ake kira Nutella. Sunan ba su suka zaɓa ba. Tsofaffin kawalai ne suka laƙaba musu don raini, wai yara ne da har yanzu ake shafa musu cakulan Nutella a burodi. Yaran suka karɓi sunan suka yi ado da shi.

Waɗanda suka tarar a kan mulki su ne ƙungiyar GMBH. Sunan ya fito daga harufan farko na sunayen shugabanninta huɗu: Gerd, Mischa, Beatle da Harry, wato Gerd Glissmann, Michael Luchting, Walter Vogeler da Harry Voerthmann. Akwai barkwanci a ciki, domin GmbH a Jamus shi ne irin kamfanin da ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kira SARL. Kuma da gaske kamar kamfani suke tafiyar da harkar, akwai mai riƙe da kuɗi, akwai mai kula da gidaje, akwai mai neman sababbin mata, akwai mai dukan wanda ya yi taurin kai. Sama da su duka akwai Wilfrid Schulz, wanda ake kira Frida a bayan idonsa, jaridu kuma suke kira uban gidan St. Pauli. A zamaninsa ƙa'idar unguwa ita ce a yi faɗa da hannu, ban da bindiga, kuma ba a kai ƙara wurin ƴan sanda. Wanda ya karya ƙa'ida sai a hana shi shiga unguwar. Tsofaffin mazauna wurin sukan ambaci wannan zamani da kewa, kamar lokacin mutunci ne. Mutuncin tsakanin mazan ne kawai. Dukan mace bai taɓa shiga cikin abubuwan da ƙa'idar ta hana ba.

Ƙa'idar ta karye ne a watan Satumba na 1981, lokacin da aka harbe wani kawali da ake kira Fritz ɗan Sin yana zaune a mashayar Zur Ritze, wadda ta yi suna saboda filin damben da ke ƙarƙashinta. A watan Oktoba na 1982 aka yi harbe-harbe a cikin Eros-Center, ƴan Nutella biyu suka mutu, aka ji wa Thomas Born, wanda ake kira Karate-Tommy, rauni. A wannan shekara kuma aka tsinci gawar Michael Luchting na GMBH a rataye a daji. A 1982 ɗin dai hukumar ƴan sandan Hamburg ta kafa sashe na musamman mai suna FD65 a ƙarƙashin Wolfgang Sielaff, sashe na farko a Jamus ta Yamma da aka ware don yaƙi da ƙungiyoyin masu laifi. Kafin nan manyan jami'ai da dama suna ganin irin wannan abu sai Italiya da Amurka.

Yadda ake kama mace

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne hanyar da Klaus da ire-irensa suke samun mata, domin ita ce ba ta tsufa ba. Ba sace su ake yi ba. Da soyayya ake farawa. Saurayi mai tsabta da mota zai samu yarinya a gidan rawa ko a shagon da take aiki, galibi wadda ta samu saɓani da iyayenta ko ba ta da mai tsaya mata. Zai kashe mata kuɗi, ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, ya ce ita kaɗai ce. Bayan ta saki jiki sai magana ta canza: akwai bashi a kansa, ko kuwa suna buƙatar jari don su buɗe shago su yi aure, shekara ɗaya ko biyu kawai za ta yi. Ranar da ta gano cewa akwai wasu mata uku ko biyar da aka yi wa alkawari iri ɗaya, ta riga ta rabu da danginta, kunya ta hana ta komawa gida, kuma duka ya maye gurbin kyauta.

Sai kuma lissafi. Kowace rana akwai kuɗin ɗaki da za ta biya, ko ta samu baƙo ko ba ta samu ba. Akwai kuɗin mai kula da gida, akwai na abinci da abin sha da ake sayar mata da tsada. Abin da ya rage na kawali ne. In ta so ta bar shi ta koma hannun wani, sabon zai biya tsohon kuɗin da suke kira Abstecke, kamar yadda ake cinikin ɗan wasan ƙwallo, kuma wannan kuɗi a kanta zai dawo a matsayin bashi. In ta so ta bar sana'ar gaba ɗaya, ita za ta fanshi kanta. Dokar Jamus ta Yamma a lokacin ta ƙara mata nauyi ba tare da niyya ba. Karuwanci ba laifi ba ne, amma kotuna suna ɗaukarsa abin da ya saɓa wa tarbiyya, saboda haka yarjejeniyar da ke tsakanin mace da baƙonta ba ta da daraja a gaban alƙali. In ya ƙi biya ba ta da inda za ta kai ƙara, kuma ba ta da inshorar lafiya ko fansho ta hanyar aikinta. Abin da hukuma ta fi damuwa da shi shi ne takardar gwajin lafiya da ake tilasta mata ta riƙa sabuntawa. Kawalci laifi ne a doka, amma sai mace ta tsaya ta ba da shaida, kuma kaɗan ne suke da ƙarfin halin yin haka.

A nan ne shirin yake da ƙarfi, a nan ne kuma yake da rauni. Jeanette Hain ta nuna Jutta ba tare da kwalliya ba, mace mai wayo wadda ta san duk dabarun da ake yi wa mata, amma sanin bai cece ta ba. Sai dai kyamarar tana son Klaus fiye da kima. Kiɗan zamanin, fitilu masu launi, tufafi da fara'ar Aaron Hilmer suna sa mai kallo ya riƙa fatan yaron ya yi nasara, har ya manta da wace ce take biyan kuɗin Lamborghini. Wannan ita ce muhawarar da ta biyo bayan fitowar shirin a Jamus: ko ya tona asirin kawalai ne, ko ya ƙara musu kwarjini. Masu kare shi suna cewa dole mai kallo ya ji daɗin Klaus kafin ya gane yadda yarinya take faɗawa hannunsa. Hujjar tana da ƙarfi, amma sunan shirin kansa ya nuna inda aka karkata, tun da mazan aka kira sarakuna, kuma yawancin matan da ke tsaye a bakin titi ba a ba su ko suna ba.

Yadda zamanin ya ƙare

Abubuwa uku ne suka karya kawalan St. Pauli, kuma ƴan sanda ba su ne na farko ba. Na farko ya fara tun kafin Klaus ya shigo. Jirgin kwantena na farko ya iso Hamburg a 1968, kuma cikin ƴan shekaru aikin sauke kaya da kan ɗauki kwanaki ya koma na awoyi. Ma'aikatan jirgi suka ragu, waɗanda suka rage ba su da lokacin shiga gari. Na biyu shi ne cutar sida, wadda ake kira ƙanjamau a Najeriya. Mujallar Der Spiegel ta sa ta a bangonta a watan Yuni na 1983, tsoro ya kama mutane, ciniki ya faɗi. Eros-Center da kansa ya rufe a 1988. Na uku ita ce hodar ibilis. Da kuɗin mata suka ragu sai kawalai suka koma sayar da ita, da yawansu kuma suka zama masu sha, kuma cinikin ƙwaya ba ya tafiya da dambe, sai da bindiga.

Ƙarshen abin ya zo da sunan Werner Pinzner, wanda ake biya ya kashe mutane. Ya aikata wasu daga cikin kashe-kashensa ne a lokacin da yake fursuna, yana fita da izinin gidan yari ya dawo. An kama shi a watan Afrilu na 1986, ya fara ba da bayani. Ranar 29 ga watan Yuli na 1986, ana cikin yi masa tambayoyi a hedikwatar ƴan sandan Hamburg, ya zaro bindigar da matarsa ta shigo masa da ita da taimakon lauyarsa. Ya harbi mai gabatar da ƙara Wolfgang Bistry, wanda ya rasu washegari, ya harbe matar tasa, sannan ya harbe kansa. Sunan matar Jutta, amma ba ita ce Jutta ta cikin shirin ba. Kwamishinan harkokin cikin gida na Hamburg, Rolf Lange, da kwamishiniyar shari'a, Eva Leithäuser, sun sauka daga muƙamansu, lauyar kuma aka ɗaure ta.

Bayan haka unguwar ta nemi wata hanyar ci. An fara nuna wasan kiɗa na Cats a 1986, gidan wasan kwaikwayo na Schmidt ya buɗe a 1988, kuma tun 2006 ake yin bikin kiɗa na Reeperbahn kowace shekara. An hana ɗaukar makami a yankin tun 2007. Karuwanci bai tafi ba, ya dai koma ɗaya daga cikin abubuwan da ƴan yawon buɗe ido suke zuwa kallo, kuɗin haya kuma ya kori talakawa da yawa daga cikin tsofaffin mazauna.

Matsayinsa a cikin finafinan ƴan sanda na Jamus

Jamusawa suna da tsohuwar al'adar kallon labarin laifi a telebijin. Shirin Tatort yana gudana tun ranar 29 ga watan Nuwamba na 1970, kuma jami'in da ya fito a kashinsa na farko ɗan sandan Hamburg ne. Masu kallon tashoshin Faransanci sun fi sanin Derrick, wanda aka yi kashi 281 tsakanin 1974 da 1998, inda sufeto mai natsuwa yake warware kisa a gidajen masu hali na Munich ba tare da ya ɗaga murya ba. Luden kishiyar wannan ne. Babu sufeton da zai zo a ƙarshe ya gyara komai, kuma daga ɓangaren masu laifin ake ba da labarin.

St. Pauli kanta ta daɗe tana ciyar da masu fim. Jürgen Roland ya yi Polizeirevier Davidswache a 1964, sannan ya ƙirƙiro Großstadtrevier, wanda tashar ARD take nunawa tun watan Disamba na 1986. Wannan shiri ne mai sanyi, na ƴan sandan unguwa masu kirki, kuma Jan Fedder, wanda ya tashi a St. Pauli, ya fito a cikinsa daga 1992 har rasuwarsa a 2019. A 1998 tashar Sat.1 ta nuna Der König von St. Pauli na Dieter Wedel, shi ma kashi shida, a kan rikicin mallakar wani gidan rawa da filin da yake kai. A 2019 Fatih Akin ya fitar da fim a kan Fritz Honka, wanda ya kashe mata huɗu da ya samo a mashayun unguwar a shekarun 1970, fim mai wuyar kallo wanda babu ɗigon kwarjini a cikinsa. Wanda yake son jin tarihin daga bakin jami'an da suka yi aikin sai ya nemi shirin gaskiya na Reeperbahn Spezialeinheit FD65, wanda ya fito a 2022.

Doka a yau, da inda abin ya taɓo Afirka ta Yamma

Ranar 1 ga watan Janairu na 2002 Jamus ta fara aiki da dokar da ta cire karuwanci daga jerin abubuwan da suka saɓa wa tarbiyya a idon kotu, ta ba mace damar neman haƙƙinta da shiga inshora. A watan Yuli na 2017 aka ƙara wata dokar da ta wajabta rajista, da ganawa da jami'an lafiya, da amfani da kwaroron roba, da lasisi ga masu gidaje. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce a ƙarshen 2023 kimanin mutum 30,600 ne suke da rajista. Waɗanda suke da takardar zama ƴan Jamus ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma ƴan Romaniya ne. Waɗanda ba su da rajista ba sa cikin wannan lissafi. Ƙasar Sweden ta bi wata hanya tun 1999, inda ake hukunta mai saye a bar mai sayarwa, Faransa ta bi sahunta a 2016, kuma a 2023 ƴan majalisar jam'iyyun CDU da CSU suka nemi Jamus ta yi haka. Masu goyon baya suna cewa dokar 2002 ta mai da ƙasar kasuwar masu fataucin mata. Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin matan da ke sana'ar, suna cewa haramci zai tura su cikin duhu inda babu mai ganin abin da ake yi musu.

A cikin matan da ƴan sandan Jamus suke ganowa a hannun masu fatauci akwai ƴan Najeriya, yawancinsu daga jihar Edo da kewayenta. Da yawa sun bi hanyar da mutanen Nijar suka sani sarai, ta Agadez zuwa Libiya, su haye teku zuwa Italiya, daga can a rarraba su. A wannan tsari ba saurayi mai Lamborghini ne yake riƙe da yarinya ba. Mace ce, wadda suke kira madam, sau da yawa ita ma ta taɓa biyan irin wannan bashi kafin ta fara kawo wasu, kamar dai Jutta. Alkawarin aikin kitso ko na shago ya maye gurbin alkawarin aure, rantsuwa a wurin boka ta maye gurbin soyayya, bashin kuma yakan kai dubban kuɗin Yuro. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware irin waɗannan rantsuwoyi, ya kuma tsine wa duk wanda ya sake ɗaura wa wata yarinya su. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja kuma ta soke ta a watan Nuwamba na 2023.

Klaus Barkowsky ya ga fitowar shirin da aka yi da sunansa. A shekarunsa na ƙarshe dukiyar ta daɗe da ƙarewa, yana zanen hotuna, yana zama a mashayun unguwar yana ba ƴan jarida labarin zamanin da. Ya mutu a Hamburg a watan Afrilu na 2023, yana da shekara 69, bayan ya faɗo daga benen da yake zaune, makonni bakwai da fara nuna Luden.